Hannun Habu Mai Turi

Ban taɓa shan wuya irin ta bazarar shekarar da soja suka miƙa mulki ba. Na yi noma a ƙauyenmu, na yi dako a Kano, na yi gadi. Duk ba su kai waccan ba.

Zafin bana ne ya tono mini ita. Jiya da la'asar ina zaune a ƙofar gida a Gyaɗi-Gyaɗi, riga a kafaɗa, ba wuta tun safe. Sai autata Maryam, wadda ke karatun nas, ta fito tana dariya da waya a hannu.

Ta ce, “Baba, zo ka ga aikin banza. Turawa ne suke share ƙanƙara da tsintsiya, wai gasa suke yi.”

Na karɓa na duba. Wani mutum ne ya durƙusa a gwiwa ɗaya, ya sulale a kan ƙanƙara, ya saki wani dutse mai mariƙi kamar na butar shayi. Mutum biyu suna gaban dutsen suna shara kamar ransu zai fita, shi kuma yana bayansu yana ihu. Na tambaye ta mutanen ina ne. Ta ce wannan ɗan ƙasar Suwizalan ne, wai ya daɗe yana ciyo wa ƙasarsu kofi.

Ban yi dariya ba. Ta ce, “Baba, lafiya?” Na ce lafiya lau, ta shiga ta kawo mini ruwa.

A waccan shekarar ina aiki a wani gidan ƙanƙara a Tarauni, bayan Unguwa Uku. Yanzu kowa ya saba da ƙanƙarar leda daga firji. Tamu ba irinta ba ce. Bulo ne dogo, nauyinsa ya kai na buhun siminti. Ana daskarar da shi a cikin gwangwanaye da aka jera a tankin ruwan gishiri. In ya yi, mu zaro gwangwani da ƙugiya, mu kifar, bulo ya faɗo a kan siminti. Daga tanki zuwa ƙofa akwai nisa, ba kuma wanda zai ɗauke shi a ka. Tura shi ake yi ya sulale. Amma ƙasa kullum cike take da ɓuntun shinkafar da muke lulluɓe ƙanƙara da shi, ɓuntu kuwa yana tsayar da bulo. Shi ya sa in mutum ɗaya ya tura, biyu suke bin gabansa da tsintsiya suna share masa hanya. Aikin ke nan tun asuba har rana ta faɗi.

Daga aikin wasan ya fito. Turi muke ce masa. A kusa da ƙofa akwai murfin kwata na ƙarfe, mu zagaye shi da gawayi. Wanda bulonsa ya tsaya mafi kusa da murfin shi ya ci. Kana da damar ka buge na abokin karawarka ka fitar da shi. In masu shara suka matsa, suna kore ɓuntu suna jan ruwa gaban bulon, sai ya ƙara tafiya. In suka ɗaga tsintsiya, sai ya mutu. Alhaji mai gidan ya bar mana fasassun bulo mu yi wasa da su bayan la'asar, ya kuma bar mana bulon ƙarshe mai kyau, na wanda ya ci.

Ni mai shara ne. Ni da Tanko. Mai turinmu Habu.

Habu dogo ne, mutumin wajen Ƙiru, da turin baro ya fara. Shekararsa ta farko kowa cinye shi yake yi, har ana ce masa ya koma kan baronsa. Bai yi fushi ba. Kullum in an tashi sai ya tsaya shi kaɗai yana tura ɓaraguzai. Kafin azumi ya zagayo ya kayar da tsohon da ke riƙe da kambun turi a gidan. Daga nan mutanen gidan sanyi na kifi suka ji labari, suka zo da gwaninsu, wani ƙato mai suna Audu. Habu ya cinye shi da Ƙaramar Sallah, ya sake cinye shi da Babba. Shekaru suka yi ta tafiya ba wanda ya ɗaga shi. Direbobi daga tashar Unguwa Uku suna zuwa kallo, masu shayi suna kawo tebur ƙofar gidan. Ba kofi, ba jarida. Amma in ka ce Habu Mai Turi daga Tarauni har Hotoro an san shi.

Kowa yana naɗe hannu da tsumma kafin ya taɓa bulo. Ban da Habu. Zai ninke buhu ya sa gwiwa, ya ɗora tafin hannunsa tsirara a kan ƙanƙara, ya daɗe a haka, sannan ya sake ta da ɗan murɗi, ta tafi tana lanƙwasa kamar tana da ido. Na sha ce masa ya sa tsumma.

Yakan ce, “Isyaku, tsumma ba ya jin ƙanƙara. Kai dai riƙe tsintsiyarka.”

Bazarar waccan shekarar ta shigo da wuri. Tun hantsi iska take zama kamar ta bakin murhu. Rijiyar gidan hayarmu ta koma laka, matata Dije da cikin fari tana bin masu ga-ruwa har bakin titi. Tuwon masara da miyar kuka ba nama, in ya kwana ya yi tsami kafin gari ya waye. Da rana gari muke jiƙawa da narkakkiyar ƙanƙara, mu jefa ƙuli-ƙuli in an samu. Ƙuraje suka feso wa yara a wuya. Kowane yammaci hadari zai haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, mata su fito da bokitai da kwanoni su jera. Sai iska ta taso ta watsa shi. A kwashe bokitai a bushe.

Ga layin mai. Motoci suna kwana a gidan mai, 'yan acaɓa suna tura babura da ƙafa. Wuta in an ɗauke sai an manta da ita. Injinmu da man gas yake aiki, man kuma ya yi wuya, saboda haka rabin gwangwanayen a bushe suke kwana. Mutane kuwa sun ninka a ƙofa. Masu fura, masu zoɓo, masu kifi, da masu jinya daga asibitin koyarwa da aka ce su nemo ƙanƙara. Ana turereniya, ana zagi, wata rana har aka karya ƙyauren.

A kan wannan duka ga maganar mulki. An yi zaɓe, an ce soja za su sauka. Ba wanda ya yarda. A wajen mai shayi wani ya ce ai wasa ne, ranar za a ji kiɗan soja a rediyo. Wani ya ce ya ga manyan motoci suna shigowa gari. Masu hali suna ta sayen hatsi suna ɓoyewa. Alhaji ya tara mu ya ce shi dai yana jira ya gani. In abubuwa ba su gyaru ba, rabinmu za su tafi.

A cikin wannan rububin ne Habu ya yanke. Bakin wani tsohon gwangwani ne mai tsatsa ya tsaga masa tafin hannun dama. Shi bai ma ji ba, hannun ya riga ya mutu da sanyi. Ni na ga jini a kan bulon da nake share wa hanya, na waiwaya na ce, “Habu, dubi hannunka.”

Ya duba ya ce, “Au.”

Muka yi masa abin da muka sani. Muka wanke da ruwan gishirin tanki, muka danna masa ƙanƙara har jinin ya tsaya. A gidan nan maganin komai ƙanƙara ce. Ciwon kai, a ɗora ƙanƙara. Targaɗe, ƙanƙara. Kunama ta harbe ka, ƙanƙara. Kuma tana yi, ka ɗora zafin ya tafi. Mu a wurinmu abin da ya daina zafi ya warke.

Bayan 'yan kwanaki hannun ya kumbura. Habu ya samo bokiti. Da ya iso da safe sai ya cika shi da ɓaraguzai, ya tsoma hannun har wuyansa, ya zauna yana cije baki. In ya zaro, kumburin ya ɗan sauka, ba ya jin komai, sai ya kama aiki. Da farko sau ɗaya yake yi. Daga baya bokitin ya koma bin sa duk inda ya tsaya.

Sai ƙudaje suka fara bin sa. Gidan ƙanƙara ba gidan ƙuda ba ne, sanyi yana korar su. Amma sai ka ga biyu uku suna zagaya tsumman da ya fara ɗaurewa. Ranar da na gan shi da tsumma a hannu na san abin ya ɓaci. Tanko ya matso ya ce mini a hankali, “Kana jin wari kuwa?” Na ce ina ji.

A makon ne Audu na gidan kifi ya aiko. Ya ce tunda ranar miƙa mulki ba aiki sosai, a haɗu a yi ta ta ƙare, soja su sauka Habu ma ya sauka. Habu ya ce a gaya masa ya zo da masu ɗaukar sa.

Ran Juma'a na ja shi gidanmu cin abinci, da niyya. Muna da maƙwabciya, Sista Rabi, nas ce a asibitin koyarwa, mace mai faɗa. Na riga na gaya mata. Muna zaune a zaure ta shigo kamar wucewa za ta yi.

“Sannu Malam Habu. Me ya samu hannun?”

“Ɗan yanka ne, Sista. Ya ma warke.”

“To kwance in ga warakar.”

Ya yi ta kewaye-kewaye, ta tsaya a kansa har ya kwance. Dije da ta kawo ruwa ta ajiye kofin ta koma ciki da sauri. Tafin ya yi baƙi a gefen yankan, yatsu biyu sun canza launi. Sista ta ɗaga hannun rigarsa. Wani jan layi ya taso daga wuyan hannu ya nufi sama. Ta taɓa hammatarsa ya zabura, kaluluwa ta fito.

Ta ce, “Me kake sa masa?”

Ya ce, “Ƙanƙara.”

Ta dube shi, ta dube ni. “Ƙanƙara. Wato kun rufe wa ciwon baki don kada ya yi kuka. Malam Habu, ciwon nan bai warke ba, ci yake yi. Ka tashi mu tafi yanzu. In ka zo yau, wataƙila yatsa ne. In ka ƙara kwanaki, hannu ne. In ka wuce haka, ba ruwana.”

Habu ya yi 'yar dariya. “Sista, ku ai da kun ga mutum sai wuƙa. Wanda ya shiga wajenku da hannu biyu da ɗaya yake fita.”

“Waɗanda suka zauna a gida suna wasa da ƙanƙara su ne suke fita da ɗaya.”

“Gobe dai in gama da Audu. Jibi da kaina zan zo.”

“Wane ne kuma Audu? Likita ne?”

Na ce mata mai kifi ne. Ta ce, “Allah ya shirye ku,” ta fita tana faɗa ita kaɗai.

Na raka shi har titi. Na ce masa ya bar wasan nan, Audu ba zai gudu ba. Ya tsaya ya ce, “Isyaku, ka ji abin da Alhaji ya ce. Rabi za su tafi. Kana ganin zai riƙe mai ciwo da ke kwance a asibiti? Ni turin nan ne ya sa ake ganina. Inna tana ƙauye, hannun nan take ci.” Na ce to ai hannun nake ce maka ka tsare. Ya ce, “Kwana ɗaya ne.” Jikinsa zafi kamar garwashi, a cikin wannan rana yana rawar ɗari.

Ranar ta zo. Tituna ba kowa, shaguna da yawa a rufe, kowa ya maƙale a gida kusa da rediyo yana jiran ya ji ko za a fasa. Ko tsuntsu ba ya kuka. A ƙofar gidan ƙanƙara mai shayi ya ɗora rediyonsa a kan benci, ana ta jawabi daga Abuja. Da aka ce an rantsar, wani direba ya ce, “To, mu ga yammaci tukuna.” Ba wanda ya yi tafi.

Habu tun safe hannunsa yana cikin bokiti. Bai ci komai ba. Bayan la'asar mutanen gidan kifi suka iso, mutane suka cika har kan tanki. Hadari ya sake haɗowa, gari ya yi duhu, amma ko ganye ba ya motsi.

Audu ya dubi bokitin ya ce, “Habu, lemo kake sanyayawa ne? A ba mu mana.”

Habu ya ce, “Naka ne. In ka sha kaye ka jiƙa maƙoshi.”

Aka yi dariya. Ya zaro hannun ya kwance tsumman. Dariyar ta tsaya. Hannun ya yi fari kamar toka, yatsun baƙi. Audu da kansa ya ce, “Kai, mu bari sai wani lokaci.” Habu ya ce, “Tsoro ka ji?” Ya ninke buhunsa ya durƙusa.

Ba zan iya ba da labarin wasan dalla-dalla ba, idona yana kan siminti. Na dai san murɗin nan nasa babu shi. Bulo yana fita a miƙe kamar na kowa, mu ne muke ta gyarawa da tsintsiya, ni da Tanko, gumi yana shiga mana ido. Aka yi ta kai da kawowa har aka zo turin ƙarshe, bulon Audu yana zaune dab da murfin.

Habu ya ɗora tafinsa. Ya daɗe fiye da kullum. Ya saki.

Ya saba binmu da murya: share, share, bari. Wannan karon ba mu ji komai ba. Na ga bulon zai mutu a hanya, na ce wa Tanko, “Matsa!” Muka share kamar za mu kankare simintin. Ya je ya daki na Audu a kusurwa, na Audu ya fice daga gawayin, namu ya juya ya zauna a kan murfin.

Wuri ya ɗauki ihu. Na sunkuya in dafa bulon, sai na ga wani abu a manne a bayansa, baƙi-baƙi, kamar ɓawon rogo. Fatar tafin hannunsa ce.

Na waiwaya. Yana nan a durƙushe a gwiwa ɗaya, hannun a miƙe yadda ya saki bulon, yana kallon sa kamar na wani. Sai ya kife.

Ba mota, ba acaɓa. Muka shimfiɗa buhunan ɓuntu a baron da muke kai ƙanƙara, muka ɗora shi. Ni da Audu muka yi ta karɓa-karɓa daga Tarauni har asibiti, ƙafafunsa suna reto. Tanko ya biyo mu da gudu yana cewa bulon da aka ci fa, wa za a ba? Audu ya ce ya bar shi ya narke.

Sista Rabi tana bakin aiki. Ita ta karɓe shi. Daga baya wani likita ya fito ya tambaye ni tun yaushe. Na gaya masa. Ya tambayi me aka sa. Na gaya masa. Ya girgiza kai ya ce za su yi ƙoƙari su tsare ransa.

A ƙasan gwiwar hannu suka yanke.

Ranar da aka yi aikin ne ruwan farko ya sauka. Ina tsaye a baranda na ji ƙamshin ƙasa, sai ga shi kamar da bakin ƙwarya. Masu jinya suka fito suna miƙa hannu, yara a waje suna tsalle tsirara. Soja ba su dawo ba. Kowa yana cewa alhamdu lillahi. Ni ma na faɗa.

Ba a sake turi a gidan ba. Ba wanda ya hana, kawai ba wanda ya sake ɗaukar gawayi. Alhaji ya riƙe Habu a matsayin mai gadin ƙofa har gidan ya rufe bayan wasu shekaru. Yanzu shagunan sayar da waya ne a wurin. Tanko ya rasu. Habu yana Babban Giji, yana da tebur na dabino da goro kusa da wani masallaci, ya yi aure, yana da jikoki. Muna gaisawa a ɗaurin aure da jana'iza. Ba mu taɓa tayar da maganar ba.

Jiyan ma hadari ya haɗo ya watse. Yau da safe na ce wa Maryam ta sa mayafinta ta ɗauko wayar, tunda ni ban iya kunna ta ba. Muka hau adaidaita zuwa Babban Giji.

Yana kakkaɓe tebur da hannun hagu. Ya ce, “A'a, Isyaku mai tsintsiya. Wa ya mutu?”

Na ce ba kowa, abu na kawo masa ya gani. Maryam ta durƙusa ta gaishe shi, ta kunna. Ya matso da fuska, don ganinsa ya fara rauni. Baturen ya durƙusa, ya sulale, ya saki dutsen. Na ga dungun hannun Habu ya motsa a cikin riga, ya miƙe gaba, ya ɗan murɗa.

Ya ce, “Ka gani? Ba tsumma a hannunsa.”

Na ce, “Nasa yana da mariƙi, Habu. Ba ya taɓa ƙanƙarar.”

Ya bi dutsen da kallo har ya tsaya. Sannan ya ce, “Mariƙi. Duk yawanmu a gidan nan, ba wanda ya yi tunanin sa wa bulo mariƙi.”

Wata yarinya ta zo sayen dabino. Ya ce wa Maryam, “'Yata, mayar mini da shi farko.” Ta mayar. Na zauna a bencinsa na riƙe masa wayar daidai fuskarsa, yana ƙulla dabino da hannu ɗaya da haƙori, idonsa bai bar dutsen ba.